Hannun Awudu, Ran Yaya Issaka

Da wannan Babbar Sallar da ta wuce, shekara goma sha biyu ke nan da aka kashe Yayana Issaka a filin ƙwallo. Na ce aka kashe shi, ban ce ya rasu ba, kuma duk dattijon Asawase da kalmar ta yi wa nauyi sai ya yi haƙuri, na gaji da tausasa ta. Mutum ne aka taru a kansa da katakon benci da duwatsu har ya daina motsi, saboda ƙwallo ta taɓa hannun wani yaro. Ni ce Memuna, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin sobolo, wato zoɓo, da ruwan leda nake sayarwa a bakin fili, don haka ba labari aka ba ni ba.

Tun ranar tambaya ɗaya ce take cina. Yaron nan da gangan ya sa hannu, ko ƙwallon ce ta same shi? In ita ta same shi, to Yaya ya yanke hukuncin gaskiya, a kanta ya mutu, zan iya ɗaukar wannan. In kuwa da gangan ne, an yaudare shi ke nan, ya ba da ransa a kan ƙaryar wani. Wannan ne ba na iya haɗiyewa.

Yaya tela ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bayan tashar da 'yan trotro, motocin haya, ke kiran fasinjan cikin gari, keke ɗaya da benci ɗaya da rediyo. Babu wanda ya ba shi takardar alƙalancin wasa. Usur ya saya, ya ɗinka wa kansa baƙin gajeren wando da baƙar riga mai aljihu, shi ke nan ya zama Issaka Rafali. Amma in za a yi gala, wato gasar unguwanni da samarin Zongo ke shiryawa bayan Sallah, sunansa ake fara kira, don kowa ya san ba a saye shi da lemo. Mamanmu ta sha yi masa tsiya, ta ce mutum da gemunsa yana gudu a rana yana bin yara da usur, ɗinkin mutane na jibge. Sai ya yi dariya ya ce, "Mma, in ban je ba faɗa za su yi."

Yana da wata hanya tasa da ban taɓa ganin wani rafali yana yi ba, ko a talabijin. Dokar lokacin gajeriya ce: taɓa ƙwallo da hannu laifi ne in da gangan aka yi. Yaya ya riƙe kalmar nan da gaske fiye da waɗanda suka rubuta ta. Ya ce niyya a zuci take, shi kuwa idonsa ba ya shiga zuciya, to mai zuciyar zai tambaya. In ƙwallo ta taɓa hannu, 'yan kallo suka ɗau ihun "Hanbol! Hanbol!", kuma shi kansa abin bai fito masa sarai ba, sai ya tsayar da wasa. Ya taka har gaban yaron, ya ɗora tafinsa a ƙirjinsa, ya ce, "Da gangan?" In yaron ya dube shi ya ce wallahi ba da gangan ba, sai ya saki ƙwallo a ci gaba. In ya sunkuyar da kai ko ya fara kame-kame, ya busa laifi.

Za ku ce wannan ai wauta ce, wa zai ƙi rantsewa? To ba ku san yaran Zongo na lokacin ba. Duk a tsakar makarantar allo suka tashi, an cusa musu tsoron rantsuwar ƙarya tun kafin su iya ɗaure wando, kuma mutumin da ke tambayarsu shi ya ɗinka musu kayan Sallah. Na ga wani ƙaton mai tsaron baya da Yaya ya ɗora wa hannu, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ce, "Rafali, busa abinka kawai." Fili ya kwashe da dariya, har waɗanda aka ba fenaritin suna tafa masa. Kotun Issaka suke kiran abin. Shekaru ya yi yana haka, kuma ban taɓa ganin an tashi wasansa da jini ba.

Sai dai akwai abin da ya canja a zukatan mutane wanda Yaya bai auna ba. Duk ɗan Ghana da ya kai shekarun hankali yana tuna wasan nan na gasar duniya da wani ɗan wasa ya kaɗe mana ƙwallo da hannu a bakin raga, muka dawo gida. A layinmu har talabijin aka fasa. Tun daga nan kalmar hanbol ta daina zama abin musu a wurinmu, ta zama miki. In ka faɗe ta a gaban samari sai ka ga idanu sun kaɗa. Na ce masa, "Yaya, mutane ba su da haƙurin da." Ya ce wancan ai da gangan ya yi, duniya ta gani, ba sai an tambaye shi ba, me ya haɗa shi da yaranmu? Da haka ya rufe maganar.

Ranar da abin ya faru wasan ƙarshe ne, tsakanin yaran unguwar Akwatialine da wata ƙungiya da ta zo daga wajen Sofoline. Filin makaranta ne, jar ƙasa, an zana layi da toka. Ragon da za a ba zakara yana ɗaure a gindin bishiya. Baƙin sun zo da motoci cike da magoya baya, da ganguna, da yawansu ba su taɓa ganin Yaya yana alƙalanci ba. Akwatialine na gaba da ci ɗaya, la'asar ta yi sanyi, lokaci ya kusa cika. Aka bugo kwana, aka yi cacukui a gaban gola, wani ya daki ƙwallo da ƙarfi, ta nufi raga. Awudu, mai tsaron bayan Akwatialine, yaro dogo ɗan mahauta, yana cikin juyawa, hannunsa na dama a sama kusan daidai kafaɗa. Ƙwallon ta daki damtsensa ta fita waje. Har inda nake tsaye na ji ƙarar.

Yaya ya busa, baƙin suka fara tsalle, sun ɗauka fenariti ne. Sai suka ga bai nuna wurin bugu ba, ya nufi Awudu. Ya ɗora masa hannu a ƙirji. Ina ganin bakin yaron yana motsi, kuma na kusa sun ji ya ce, "Wallahi ba da gangan ba, Rafali." Yaya ya gyaɗa kai, ya juya ya nuna kwana.

Wani mai jar hula a cikin baƙin ne ya fara tsallake layi. Yana ihu, "Kwasiya, wawa kawai! Ɓarawo kake tambaya ko ya yi sata?" Yaya ya ɗaga hannu biyu yana cewa a tsaya, zai yi bayani. Mutumin ya zabga masa mari har usur ya faɗi. Daga nan ban san ta ina suka ɓullo ba. Dutsen farko a goshi ya same shi, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya durƙusa yana laluben ƙasa. Wani ya ciro sandar kwana ya karya ta a bayansa. Wasu biyu suka ɓalle katakon bencin 'yan kallo, da ƙusoshinsa, suna ɗagawa suna saukewa. Ana dukansa da bel, ana tattake shi da takalmin ƙwallo, har da waɗanda ba su san abin da aka yi ba, sun ga dai ana duka sun zo sun sa nasu. Yana kiran sunan Allah, yana kuma cewa, "Ya rantse! Ya rantse!" kamar wannan zai tsayar da su.

Na jefar da kular ruwana na kutsa. Na faɗa a kansa na rufe shi da jikina, ina ihu ina zaginsu har iyayensu. Katako ya sauka a hannuna, na ji ƙashin ya ce ƙas, yau ma in hadari ya taso wurin yana min zogi. Wani ya finciko ni ta ɗankwali ya wurgar gefe. Daga ƙasa nake kallo lokacin da wani matashi, wanda ba zai wuce sa'ar ƙanena ba, ya ɗauko bulo da hannu biyu ya sake shi a kan Yaya. Bayan wannan ne kowa ya ja baya. Yaran Akwatialine tuni sun haura katanga, har da Awudu. Ragon ma an kwance an tafi da shi.

Wani direban tasi, Allah ya saka masa, shi ya yarda ya ɗauke mu. Kan Yaya na kan cinyata, zanina ya jiƙe sharkaf. Bai sake magana ba, kuma bai kai Juma'a ba.

Bayan sadakar bakwai manya suka zo gidanmu, na unguwarmu da na unguwar baƙin, da manyan riguna da carbi. Suka zauna da Baba a zaure. Ina bayan labule da hannu a ɗaure ina ji. Mai magana da yawunsu ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan ya sauko kan abin da ya kawo su. Ya ce yara ne, zafin ƙwallo ne ya ɗebe su, babu wanda ya fito daga gida da niyyar kisa, tsautsayi ne. Ya ce a duba niyya, a bar maganar a cikin gida, duk Musulmi ne, duk 'yan Zongo ne. Wallahi ban san lokacin da na yaye labulen ba. Na ce, "Alhaji, yanzu kuka san niyya? Hannun yaro ya taɓa ƙwallo kun ce ba ruwanku da niyya. Hannayenku sun fasa kan mutum da bulo, kun zo kuna cewa a duba niyya?" Baba ya daka min tsawa ya ce in koma ciki. Tsoho ne, ya karye, ba ya son a ce gidansa ne ya raba unguwa biyu. Ya ce ya bar wa Allah. Maganar ta mutu a zauren nan, kuma mai bulon yana nan da ransa, na ji an ce har ya yi aure ya haihu.

Ni da ban san satar gida ba, sai ga ni na zama malamar dokar hannu. Yanzu shagon kayan masarufi gare ni, da talabijin a sama, samari na taruwa kallon wasan Turai, kuma duk rafalin da ya shigo sayen ruwa sai na tsare shi da tambaya. Dokar ta yi ta sauyawa har masu busa ta suna ruɗewa. Da gangan har yanzu laifi ne, amma ba shi kaɗai ba. In ka buɗe hannu ka ƙara wa jikinka faɗi fiye da yadda motsinka ke buƙata, ƙwallo ta same shi, laifi ne ko zuciyarka fara ce tas. In ta taɓa hannunka bisa tsautsayi ka jefa ta raga nan take, ba za a karɓa ba. In abokin wasanka ta taɓa, kai ka ci, an karɓa. Har sun auna inda hannu ya fara, daga ƙasan hammata, kafaɗa ba ruwanta. Shi ya sa kuke ganin masu tsaron baya suna tarar ɗan wasa da hannaye a baya kamar waɗanda aka kama. In musu ya tashi, rafali ya ruga wurin allon talabijin ya sake kallo a hankali, gaba da baya. Ba mai zuwa gaban yaro ya tambaye shi komai.

Ina yawan tunanin abin da Yaya zai ce in ya ga wannan. Na san shi, tsaki zai fara yi. Zai ce an mai da ɗan Adam itace, ana auna reshe. Zai ce yaro ya yi tsalle, Allah ya halicce shi da hannu, ina ake so ya ajiye shi, a aljihu? Zai yi ta faɗa da talabijin har allura ta soke shi. Kuma ba zan ce duk bai da gaskiya ba, domin da allon da komai har yau samarin shagona kusan dambe suke yi a kan kowane hanbol.

Amma na kwatanta wa rafalin zamani yadda hannun Awudu yake a ranar, na ɗaga nawa na nuna musu, kuma kusan duk amsa ɗaya suke ba ni: Hajiya, fenariti ne, ba sai an yi dogon tunani ba. Wato da dokar yau ce a hannun Yaya, da bai taka zuwa gaban kowa ba. Da ya busa, ya nuna wurin bugu, yaran Akwatialine su zage shi, ya dawo gida ya ci tuwo. Don haka in shi zai raina dokar, ni ba na raina ta. A ba ni doka marar tausayi da Yayana a raye, na yarda. Ina jin haushinsa ma wani lokaci, Allah ya gafarta min, don me mutum zai ɗora ransa a kan bakin yaro ɗan shekara ashirin a minti na ƙarshe?

Awudu bai sake buga ƙwallo ba. Ya gaji babansa, yana da teburin nama a kasuwar Asawase, ya yi ƙiba, ya tara iyali. Shekarun nan duka in zan sayi nama zagayawa nake in bi ta layin masu kifi don kada in ga fuskarsa. Duk shekara in mun yi wa Yaya addu'a a gida yana zuwa, amma ba ya shiga. A bakin kwata yake tsayawa, ya shafa fatiha daga nan, ya tafi. Ban taɓa aika masa ko ruwa ba.

Bana, ana saura 'yan kwanaki addu'ar, na tashi da safe na ji ba zan iya ƙara shekara da abin nan a wuyana ba. Na tafi kai tsaye teburinsa. Yana sara ƙashi, da ya gan ni ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a riga, ya ce, "Anti Memuna, ina kwana." Na ce, "Awudu, tambayar da Yayana ya yi maka na zo in sake yi. Da gangan?"

Na zo da shirin abu biyu. In ya sake rantsewa, zan karɓa ko ina so ko ba na so, tun da shi ma ya karɓa. In ya ce da gangan ne, ban san me zan yi ba, ga wuƙaƙe a gabana, shi ya sa na riƙe jakata da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon teburin. Sannan ya ce, "Anti, ban sani ba."

Na ce kada ya raina min hankali, hannunsa ne ko na maƙwabci? Ya ce, "Ei, Anti, nawa ne. Na ga bol ɗin tana zuwa, na juya, hannun ya tashi. Ko ni na ɗaga, ko shi ya ɗaga kansa, ban sani ba. Kullum ina sake kallon abin a kaina. Wata rana in ga ban yi ba, wata rana in ga na yi. Da Rafali ya sa min hannu a ƙirji, wallahin ta riga ni fita. Ban tsaya na duba ba." Hawaye na zuba a gemunsa bai share ba. Ya ce da ya ce masa bai sani ba, da ƙila ya busa, da yana nan.

Na ɗaga hannu zan mare shi. Tsohon da ke teburin kusa, wanda ya san mu duka, ya ce, "Hajiya, bari in gaya miki abu ɗaya kafin ki sauke hannun." Ya ce tun da Awudu ya zo layin nan bai taɓa jin wallahi a bakinsa ba. Mai saye zai ce naman kwana ne, ya ce ya rantse na yau ne, Awudu ya ce na yau ne, in ba ka yarda ba ga tebur na gaba. Ciniki ya sha wuce shi a kan haka, 'yan layin har tsiya suke masa, suna kiransa mahaucin da ba ya rantsuwa. Na sauke hannuna, ba don na huce ba, ƙarfin ne ya ƙare.

To ga ni, amsar da na yi shekara goma sha biyu ina jira babu ita, ko a wurin mai hannun. Ba zan taɓa sanin ko Yaya a kan gaskiya ya mutu ba. Abin da ya dogara a kai, cewa kowane mutum ya san abin da ke zuciyarsa, ashe ba kullum ba ne, kuma masu dokar yau ƙila wannan suka gano suka daina tambaya. Shagonsa yanzu wayar hannu ake gyarawa a ciki. Filin an gina azuzuwa a rabinsa. Yaran da ke gala ba su san sunansa ba, kuma babu rafalin da zai sake ɗora hannu a ƙirjin ɗan wasa, in ma na ga mai niyya ni zan fara hana shi.

Abin da ya rage na Issaka Rafali da na iya gani da idona shi ne mutum ɗaya a kasuwar Asawase, wanda aka yarda da maganarsa sau ɗaya, ya ga abin da yardar ta ci, ya kasa sake wasa da sunan Allah har yau. Da wuƙa a gabansa da ni a gabansa, rantsuwa ɗaya ta isa ta sallame ni, ya ƙi yi. Wannan bai kai ran Yayana ba, ko kusa. Ban ce wa Awudu na yafe ba, don ban yafe ba, kuma masu bulo da katako su da ni sai a gaban Allah. Na dai ce masa ranar addu'a in ya zo ya shigo ciki ya zauna a tabarma, ya gaya wa Mma abin da ya gaya min, da bakinsa. Ya zo, ya shiga, ya faɗa. Mma ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Da ka faɗa masa haka, ɗana." Allah ya jiƙan Yaya Issaka, ya yi masa hisabi da irin sauƙin da ya yi wa 'ya'yan mutane.